Tambaya Da Amsa: Fom Ɗin Da Ɗalibai Ke Ba Malamai Maki, Yana Gyara Karatu Kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonnin da suka fi yawa duk a kan abu ɗaya suka zo, wato fom ɗin nan da manyan makarantu suka fara ba ɗalibai a ƙarshen semesta su ba malamansu maki, ɗalibai sun rubuto, malamai sun rubuto, har da wani uba, sai naga gara in jera su wuri ɗaya don kowa yaji abin da ke damun ɗan'uwansa. Na cire sunayen mutane da na makarantu kamar yadda aka roƙa.

TAMBAYA: Salam Malam, ina wuni ya aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a wata jami'a. Bana an kawo mana wani sabon tsari, in ka shiga fotal zaka duba rizal sai ya ƙi buɗewa sai ka cike fom a kan kowane lakcara, daga 1 zuwa 5. Ni gaskiya tsoro nake ji, akwai malamin da sau huɗu kacal ya shigo mana semesta guda kuma tes ɗin da muka yi har yau bamu ga takardunmu ba, amma ƙawayena sunce in danna masa 5 kawai in wuce tunda da lambar rajistata na shiga kuma shi zai ƙara ɗaukarmu a aji huɗu. Dan Allah malami zai iya gane wanda ya rubuta? Kuma wai ana karantawa ma kuwa ko data kawai ake ƙarar mana?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Tsoronki yana da dalili, kar kowa yace miki baki da hujja. Tunda da lambarki kika shiga to kwamfuta ta san kin cike, abin tambaya shine an raba sunanki da amsarki ko ba a raba ba. A tsarin da aka gina da gaskiya malami baya ganin fom ɗin kowa ɗaya bayan ɗaya, jimla ake ba shi da rubuce-rubucen ɗalibai ba suna, kuma sai bayan ya miƙa makin jarrabawa ya fita daga hannunsa. To wannan haƙƙinku ne ku sani, ku tura wakilin aji da sunan aji duka yaje sashen kula da ingancin karatu na makarantar ya tambayi abu biyu, wa yake iya ganin suna, kuma yaushe ake ba malami. In suka kasa amsawa a fili to ki yi taka tsantsan, ban ce ki jefa kanki a masifa ba.

Amma ko an ɓoye suna akwai yadda mutum ke tona kansa. In kika rubuta "ranar da naje ofishinsa neman takardata ya daka min tsawa" ai kin sa hannu kenan ko baki rubuta suna ba, musamman in ajin naku bai da yawa. Ki rubuta abin da kowa a ajin ya gani da idonsa, sau huɗu ya shigo, an yi tes a sati na shida ba a dawo da takardu ba, an fito da tambaya daga babin da ba a koyar ba. Irin wannan maganar mutum ɗari zasu iya rubuta ta iri ɗaya ba mai cewa ta wance ce, kuma shugaban sashe zai iya bincika ta ya tabbatar, saɓanin "bai iya koyarwa ba" ko "mugu ne" wanda ba abin da za a kama a ciki.

Maganar danna 5 kuwa, ki tuna ƙannenki da ke aji biyu yanzu, baɗi su zasu zauna a kujerar da kika tashi, in duk kuka ba shi 5 to kun rubuta wa makaranta shaida da hannunku cewa komai lafiya, gobe in wani ya kai ƙara wannan takardar za a ɗauko a nuna masa. In tsoro ya hana ki faɗin gaskiya gara ki bar wurin rubutun babu komai da ki yabi abin da baki gani ba. Su kuma hukumomin da suka ɗaure fom da rizal, na san don mutane su cike da yawa suka yi, amma ɗalibin da gabansa ke faɗuwa yana so yaga ko ya samu kari-oba ba zai tsaya karanta tambaya 20 a kan malamai 9 ba, danne-danne zai yi ya wuce, a tara lambobi masu yawa da ba su da ma'ana.

Abu ɗaya zan ƙara da babbar murya. In abin da ke tsakanin ɗaliba da malami ya kai neman lalata ko neman kuɗi don maki, wannan ya wuce fom, kar a jira ƙarshen semesta. A ajiye saƙonnin waya, a faɗa wa iyaye ko wani babba amintacce, a tafi ofishin kula da harkokin ɗalibai ko teburin SERVICOM, wato wurin karɓar koke-koken jama'a, da ke makarantun gwamnatin tarayya, kuma kar ta tafi ita kaɗai.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni malami ne ina koyar da lissafi a wata kwalejin ilimi shekara 11 kenan, ban taɓa sayar da handawut ba, ƙarfe 8 in ance 8 ina cikin aji, ina ba da asamen duk sati ina kuma dubawa. Da aka fito da sakamakon fom na samu 2.9 cikin 5, abokin aikina da yake faɗa musu inda jarrabawa zata fito ya cika su da labari da dariya ya samu 4.7. Yanzu ance za a fara sa wannan makin cikin lissafin ƙarin girma. Wallahi raina ya ɓaci har na fara tunanin nima in sassauta in huta. Wannan adalci ne?

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri, kuma dan Allah kar ka sassauta, tsaya kaji. Abin da ya same ka an daɗe da gano shi a ƙasar da ta ƙirƙiro fom ɗin. A Amurka aka fara, wani masani mai suna Hermann Remmers ya fito da nasa a jami'ar Purdue a 1927, to sun kusa shekara ɗari suna fama da shi kuma sun yi bincike a kai har ba iyaka.

Wanda ya fi kama da labarinka shine na makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka da ke jihar Kolorado, wanda Scott Carrell da James West suka buga a 2010. Abin da yasa wannan binciken yake da ƙarfi, a can ɗalibi baya zaɓen malami, raba su ake yi kamar ƙuri'a, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya, kuma dole kowa ya ɗauki kwas ɗin lissafi na gaba da ke hawa kan na farko. Da suka bi ɗalibai sama da dubu 10 sai suka ga malaman da ɗalibansu suka fi cin jarrabawar kwas ɗin farko sune ɗalibai suka fi ba maki mai yawa, amma da aka shiga kwas na gaba sai ɗaliban nan suka koma baya, su kuma waɗanda suka fito daga hannun tsofaffin malamai masu zurfafawa, waɗanda ba a cika yaba musu a fom ba, suka wuce gaba. Dalili a fili yake kai ma ka san shi, wani yana koyar da yadda za a ci jarrabawar watan gobe, wani yana koyar da lissafin kansa, na biyun ya fi wahala kuma amfaninsa baya fitowa sai daga baya lokacin da an riga an cike fom an manta. A jami'ar Bocconi ta birnin Milan a Italiya an sake ganin haka a 2014, har suka lura yanayin gari a ranar da aka cike fom yana taɓa makin da malami ke samu.

Akwai ma wanda ya fi wannan ban mamaki. An buga shi a 1973, wasu masu bincike a Kalifoniya suka ɗauko ɗan wasan kwaikwayo suka sa masa suna Dakta Fox, suka koya masa lakca wadda da gangan aka cika ta da maganganu masu karo da juna da kalmomin da ba su da ma'ana, ya tsaya gaban likitoci da malamai, ba yara ba, ya zuba ta da fara'a da barkwanci da ƙarfin gwiwa, aka raba fom suka yaba masa sosai. A jami'ar Münster ta Jamus kuma a 2018 aka raba ɗaliban likitanci rukuni-rukuni, darasi ɗaya, rabi aka ajiye musu biskit mai cakulan rabi ba a ajiye ba, masu biskit suka ba malaman maki mafi yawa. Sannan a Harvard a 2019, a ajin fiziks, aka gwada lakca mai santsi da ɗalibi zai zauna ya saurara kawai da kuma darasin da ake tilasta masa ya warware tambaya da kansa a cikin aji, da aka yi tes waɗanda suka sha wuya suka fi ci, amma da aka tambaye su sai sukace su a ganinsu a lakca mai santsin suka fi ƙaruwa. Ka ga ɗalibi ba ƙarya yake yi ba, tsakaninsa da Allah haka yaji, jin daɗin darasi da koyon darasi ne ba kullum suke tafiya tare ba.

A da ana kafa hujja da wani nazari na Peter Cohen na 1981 da ya nuna akwai alaƙa matsakaiciya tsakanin makin fom da abin da ɗalibi ya koya, amma a 2017 Bob Uttl da abokan aikinsa a Kanada suka sake tattara binciken suka nuna ƙananan nazarce-nazarce masu mutane kaɗan ne suka kumbura lissafin, in aka kula da wannan alaƙar kusan babu ita. Shekara ɗaya bayan haka, 2018, rigima tsakanin ƙungiyar malamai da hukumar jami'ar Ryerson ta Toronto ta kai gaban mai sasanci William Kaplan, ya yanke cewa ba za a ƙara amfani da makin fom a matsayin ma'aunin iya koyarwa wajen ƙarin girma ko tabbatar da malami a aiki ba. To in kwalejinku na so ta ɗauki 2.9 da 4.7 ta jera ta ce wane ya fi wane, ku je ta hannun ƙungiyarku ku ce a'a, kuma kuna da abin nunawa. Ranar da ƙarin girma ya rataya a wuyan wannan lambar, ranar aka koya wa kowane malami ya rage asamen ya faɗi inda jarrabawa zata fito, kuma kwalejin ilimi ce fa, waɗannan yaran su zasu je firamare su koyar da 'ya'yanmu lissafi.

Amma Malam zan faɗa maka wata gaskiyar kuma ina fata zaka karɓa. Duk abin da na lissafa bai nuna cewa duk mai ƙaramin maki gwani ne ba. Wani 2.9 ɗin na tsanani ne mai amfani, wani kuma na malamin da yake juya wa aji baya yana magana da allo ne, ko wanda in ɗalibi ya ɗaga hannu yace bai gane ba sai a ce masa "a sakandare me ka je yi", daga ranar ba mai ƙara tambaya. Ka manta da lambar ka nemi a baka abin da suka rubuta da hannunsu, ka ware zagi gefe, ka duba abin da ya maimaitu. In mutum 40 sunce kana sauri to kana sauri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kana gaban allo baka taɓa zama a bencin baya ka saurari kanka ba.

Kuma kar ka jira fom ɗin hukuma. A sati na biyar ko na shida ka shigo da 'yan guntayen takardu ka raba, kace kar kowa ya sa suna, su amsa abu uku, me nake yi da yake taimaka muku, me yake hana ku ganewa, wane babi ne har yanzu bai zauna ba. Wakilin aji ya tattara a leda ya kawo maka. Darasi na gaba ka ɗauki minti biyar ka faɗa musu abin da ka gani, kace kun ce ina sauri zan rage kuma zan riƙa warware misali biyu kafin in baku naku, kun ce asamen yayi yawa wannan kam ba zan rage ba ga dalilina. Wannan bayanin dalilin yana da muhimmanci sosai, yawancin ɗalibai sun ɗauka mugunta ce kawai don ba wanda ya taɓa ce musu ga amfanin wahalar.

TAMBAYA: Malam ni malama ce a jami'a, ina da digiri na uku. Da aka bani rubuce-rubucen ɗalibai sai naga rabi ba ruwansu da darasi, wai ina da girman kai, wai bana murmushi, wani har mayafina ya yi magana a kai, kuma a fom ɗin suna ce min "anti" alhali abokin aikina namiji mai digiri na biyu "Dakta" suke ce masa. Ni kaɗai ce ko haka abin yake?

AMSA: Dakta, ba ke kaɗai bace wallahi, kuma abin yana min ciwo. An gwada wannan a jami'ar jihar Karolina ta Arewa a Amurka aka buga a 2015. Kwas ne ta intanet, ɗalibai ba sa ganin fuskar malami ba sa jin muryarsa, malamai biyu mace da namiji, kowannensu ya koyar da rukuni ɗaya da sunansa na gaskiya, rukuni ɗaya kuma da sunan ɗayan. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, amma duk inda ɗalibai suka ɗauka namiji ne sai makin ya hau, har a tambayar dawo da asamen a kan lokaci, alhali lokaci ɗaya aka dawo musu da shi. Ɗalibai 43 ne kawai a wannan gwajin don haka shi kaɗai bai isa hujja ba, amma Anne Boring ta duba fom sama da dubu 20 a wata babbar makaranta a Faransa ta buga a 2017, taga ɗalibai maza suna fifita malamai maza duk da cewa a jarrabawar ƙarshe ɗaliban malamai mata ba su gaza ba.

Namiji in ya tsare gida sai a ce mai tsari ne, mace in ta yi haka sai a ce girman kai, ana so ta zama uwa a aji ta lallashi kowa ta karɓi uzurin kowa, in ta ƙi a rama a fom. Shawarata ki kai wa shugaban sashe a rubuce, ki nemi ofishin da ke tattara fom ya riƙa cire duk maganar da ta shafi jiki ko sutura ko aure kafin ta iso hannun malami kuma kar ta shiga fayil ɗin kowa. Ranar farko a aji ki rubuta sunanki da muƙaminki a allo, ba alfahari bane, gumin ki ne. Sauran rubutun da ya shafi darasi kuma ki karanta shi da zuciya ɗaya kamar yadda na faɗa wa malamin lissafi. Ku kuma ɗalibai maza masu karanta wannan shafin kuji tsoron Allah, fom shaida ce kuke bayarwa.

TAMBAYA: Malam ni uba ne 'ya'yana uku suna jami'a. Mu da muka taso ko takalmin malami baka tsallakawa, albarkar karatu tana wajen girmama shi. Yanzu ance yaro ya zauna ya ba malaminsa maki kamar shine babba, wannan ba koya wa yara rashin kunya bane? Ni na hana nawa cikewa.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara girma, ya raya zuri'a. Tarbiyyar da kake karewa mai kyau ce kuma ni ma a kanta na taso, ba na son ranar da ɗalibi zai kalli malaminsa kamar ɗan kasuwar da ya saya wa kaya. Amma ka duba bambancin zamani. Malamin zaure kai ka san shi, ka san gidansa, in ka ga karatun yaro baya tafiya zaka je da kanka ku gaisa ku yi magana ko ka mayar da shi wajen wani. A jami'a yaronka yana cikin mutum 400 a ɗaki ɗaya, baka san malamin ba, shugaban makaranta bai taɓa shiga ajin ba, to in malamin baya zuwa ko yana tilasta sayen handawut wa zai faɗa in ba yaran ba? A watan Oktoba na 2019 da BBC ta fito da binciken asiri a kan malaman da ke neman ɗalibai mata da lalata a jami'o'i biyu a Najeriya da Ghana, abin da ya fi tayar wa iyaye hankali shine ɗalibai sun daɗe da sani, hanyar faɗa ce babu.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yace addini nasiha ne, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka bar su su cike Alhaji, amma ka zaunar dasu ka ce ba zagi, ba ƙage, ba ramuwa don an kayar da kai, malamin kirki kuma a yaba masa da hujja don shima yana buƙatar wanda zai tsaya masa, da yawansu albashi baya kaisu ƙarshen wata kuma suna nan suna yi.

TAMBAYA: Malam an naɗa ni shugaban sashe kuma an ce in tsara yadda za a yi wannan fom ɗin a sashenmu. Ta ina zan fara?

AMSA: Ranka ya daɗe, Allah ya taya riƙo. Ka fara da rage tambayoyin, takwas ko goma sun isa, kuma ka tambayi ɗalibi abin da idonsa ya gani. Malami yana zuwa a kan lokaci? An baku jadawalin kwas a farkon semesta? An dawo da takardun tes kafin jarrabawa? Ana jin muryarsa daga baya? In ka yi tambaya yana amsawa? An tilasta maka sayen wani abu? Tambayar "malamin ya san fanninsa sosai?" ka cire ta, ɗan aji ɗaya da wane ma'auni zai auna wannan, aikin abokan aiki ne, malami ko biyu su shiga ajin ɗan'uwansu su zauna a baya, su duba jadawalinsa da tambayoyin jarrabawarsa da yadda yake makin takardu, sannan su zauna da shi a asirce.

Ka raba abin da yake laifin malami da wanda yake na makaranta. Ɗaki ba lasifika, fanka bata aiki, wuta ta ɗauke, ajin mutum 500 an ba mutum ɗaya, semesta ta taƙaice saboda yajin aiki, duk haushin nan a kan malami ɗalibi zai sauke in baka ba shi wurin rubuta shi daban ba. Kar ka haɗa makin mai koyar da kwas ɗin dole na aji ɗaya da na mai ɗalibai 15 'yan ajin ƙarshe da suka zaɓi kwas ɗin da kansu. Kar ka tsaya a matsakaicin maki ma, malamin da rabin aji suka ba 1 rabi suka ba 5 da wanda kowa ya ba 3 duk 3 zasu fito, alhali labarinsu ba ɗaya bane, na farkon wataƙila masu ƙoƙari yake tafiya dasu ya bar na baya. Kuma kullum ka rubuta mutum nawa suka cike cikin nawa, in 12 ne cikin 300 to ba muryar aji ka ji ba.

In takarda zaku yi amfani da ita, malami ya fita daga ɗakin, wani ma'aikaci daga wani sashen ya raba ya tattara ya rufe ambulan a gaban ɗalibai, a buga rubutun a kwamfuta kafin a ba malami don kar ya gane hannun kowa. Binciken Cohen na 1980 ya nuna miƙa wa malami sakamako kawai yana ɗan taimakawa, amma in aka haɗa da wani gogagge ya zauna da shi su tattauna gyaran ya fi yawa nesa ba kusa ba, to ka nemi dattawan sashen da aka san su da iya koyarwa ka haɗa su da sababbi. Yawancin malamanmu daga digiri suka faɗa aji ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake koyarwa, kuma ƙarin girma a nan Najeriya yawan takardun da ka buga ake ƙirgawa, a Nijar ma fayil ake turawa hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, a duba, to in sashe bai kula da abin da ke faruwa a cikin aji ba babu mai kula.

Farkon semesta mai zuwa ka liƙa takarda a allon sanarwa, ba sunan kowa, ka rubuta ga abin da kuka faɗa ga abin da muka yi, an sayo lasifika, daga yau takardun tes zasu dawo cikin sati uku, an hana sayar da handawut a aji, ga kuma abin da bamu iya ba tukuna da dalili. Ɗalibar da ta buɗe mana shafin nan tambayarta kenan, wai ana karantawa kuwa, kuma wannan takardar ce kaɗai zata amsa mata.

Masu tambaya a kan sufabaizan furojet da yake riƙe babi wata da watanni, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.